Kiyaye Ƙashin Muƙamuƙi Bayan Cire Haƙori: Abin Da Ya Kamata Majinyaci Ya Sani Kafin Ya Zauna A Kujerar Likita

Mafi yawan masu zuwa asibitin haƙori a Maiduguri, kamar takwarorinsu na sauran biranen Najeriya, ciwo ne ke kai su. Mutum zai yi kwana uku bai runtsa ba, ya sha maganin kashe zafi na kemis, ya cusa kanumfari a kogon haƙori, in abin ya gagara sai ya nufi asibiti da buƙata guda ɗaya, wato a cire masa haƙorin ya huta. Da zarar an cire, zafi ya lafa, sai ya ɗauka magana ta ƙare ke nan.

A wajen likitocin haƙori kuwa, daga ranar cirewar ne wani al'amari ke somawa wanda ido ba ya gani. Ƙashin da ke riƙe da haƙorin yana fara zaizayewa, kuma mafi yawan asarar tana aukuwa ne a watanni uku na farko, lokacin da majinyaci ke ganin ya warke sumul. Saboda haka ne masana ke cewa shawarar yadda za a kiyaye wannan ƙashi kafin a cire haƙori ake yanke ta. Tun ran gini tun ran zane, in ji Bahaushe.

Ƙashin da haƙori ke zaune a ciki

Baligi yana da haƙora 32, kowanne da saiwarsa a binne cikin ƙashin muƙamuƙi. Haƙoran gaba saiwa ɗaya gare su, turamen ƙasa yawanci biyu, turamen sama kuma uku. Sashen ƙashin da saiwoyin ke ciki ya yi tudu ne kamar kunyar gona, dasashi kuma ya lulluɓe shi.

Wannan tudu dabam yake da sauran ƙashin fuska. Yana tasowa ne tare da fitowar haƙora, kuma aikinsa kawai riƙe su. Tsakanin saiwa da ƙashin akwai wasu siraran zaruruwa masu ɗimbin yawa da ke ɗaure haƙori a gurbinsa. Duk lokacin da mutum ya tauna abinci, zaruruwan nan suna jan ƙashin a hankali, wannan jan kuwa shi ke sanar da jiki cewa ƙashin yana da amfani, a ci gaba da sabunta shi.

Ƙashi ba busasshen abu ba ne kamar yadda ake gani a kasuwar mahauta. A jikin mai rai akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki a kansa dare da rana: wasu suna rushe tsohon ƙashi, wasu suna gina sabo. Tun a shekarar 1892 wani likita Bajamushe mai suna Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sauya kamanni gwargwadon nauyin da yake ɗauka, inda ake aiki da shi ya yi ƙwari, inda aka daina ya ragu. Idan aka cire haƙori, zaruruwan sun tafi, nauyin tauna ya daina isa wurin, sai masu rushewa su rinjayi masu gini.

Abin da ke faruwa a gurbin bayan cirewa

Nan take jini ke cika gurbin ya daskare ya zama guda. Cikin mako na farko sabon nama mai taushi, mai yawan ƙananan jijiyoyin jini, yana maye gurbin gudan jinin. Cikin makonni uku zuwa biyar dasashi yana rufe bakin ramin. A ƙarƙashinsa kuma ɗanyen ƙashi yana tsirowa daga ƙasa da gefuna, ya ɗauki watanni kafin ya yi ƙwari. Sai dai yayin da cikin ramin ke cika, bangonsa na waje yana narkewa, don haka tudun da ya rage bayan warkewa ya fi na da siranta da gajarta.

An auna wannan asara sau da yawa. A shekarar 2003, Lars Schropp da abokan aikinsa na Jami'ar Aarhus da ke ƙasar Denmak suka bibiyi mutum 46 da aka cire wa haƙori ɗaya daga cikin matauna. Suka tarar cewa bayan shekara guda faɗin tudun ƙashin ya ragu da kusan rabi, kuma kashi biyu bisa uku na wannan raguwar cikin watanni uku na farko ta faru. A 2012 wasu masana na Jami'ar Hong Kong suka tattara sakamakon bincike-bincike da dama, suka nuna cewa cikin watanni shida tudun yana rasa matsakaicin milimita 3.8 a faɗi da milimita 1.2 a tsayi. Adadin zai yi kama da kaɗan, amma faɗin ƙashin gaba ɗaya a wurare da yawa na baki bai kai santimita ɗaya ba.

Ɓangaren da ya fi shan wahala shi ne bangon da ke fuskantar leɓe ko kunci. A 2005, Mauricio Araújo na ƙasar Barazil da Jan Lindhe na ƙasar Suwidin sun nuna dalili: wannan bango siriri ne, kuma galibinsa irin ƙashin nan ne da zaruruwan haƙori ke shiga cikinsa, wanda ba ya ɗorewa idan haƙorin ya tafi. A haƙoran gaba na sama, kaurin bangon a wajen mutane da yawa bai wuce milimita ɗaya ba. Shi ya sa wanda ya rasa haƙorin gaba yakan ga dasashin wurin ya loma ciki bayan 'yan watanni.

Bayan shekarar farko zaizayar tana raguwa ƙwarai, amma ba ta tsayawa cak. Binciken da Antje Tallgren ta wallafa a 1972, bayan bibiyar masu cikakken haƙorin roba har tsawon shekara 25, ya nuna cewa ƙashin yana ci gaba da raguwa a tsawon rayuwa, kuma a gaban baki muƙamuƙin ƙasa ya ninka na sama wajen asara har kusan sau huɗu.

Illar da ke biyo baya

Idan haƙori ɗaya ne ya tafi aka bar giɓin, maƙwabtansa sukan karkato zuwa wurin da babu kowa, wanda ke fuskantarsa daga sama ko ƙasa kuma ya riƙa zazzagowa tunda ba abin da ke tare shi. Sai ƙofofi su buɗe tsakanin haƙora, abinci ya riƙa maƙalewa, ruɓewa da ciwon dasashi su sami mashiga.

A muƙamuƙin sama akwai wani kogon iska a cikin ƙashin kunci, dab da saiwoyin turame. Idan aka cire turmi, kogon yakan faɗaɗo ƙasa yayin da tudun ke raguwa daga ɗaya gefen, har ƙashin da ya rage ya zama ɗan siriri. A muƙamuƙin ƙasa kuwa akwai babbar jijiyar da ke kai ji ga leɓe da haɓa. Idan ƙashin da ke samanta ya zaizaye sosai, haƙorin roba yakan danne ta ya jawo zafi ko mutuwar leɓe.

Wanda ya rasa haƙora da yawa fuskarsa ce ke sauyawa. Kumatu su faɗa, leɓɓa su shige ciki, haɓa ta matso kusa da hanci, mai shekara 50 ya yi kama da ɗan 70. Abinci ma yakan sauya, domin nama, gyaɗa, 'ya'yan itace da ganyaye masu buƙatar tauna sai a bar su a koma ga kunu da shayi da burodi, wanda hakan ke cutar da tsofaffi da masu ciwon suga. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 kan lafiyar baki ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma kimanin kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 ba su da haƙori ko ɗaya.

Mataki na farko: a ceci haƙorin in zai ceto

Babu abin da ke kiyaye ƙashin muƙamuƙi kamar saiwar haƙorin da Allah ya halitta a wurin. Nazarin da aka yi a asibitocin koyarwa na Najeriya ya sha nuna cewa ruɓewar haƙori ita ce babban dalilin cirewa, sai ciwon dasashi ya biyo baya, kuma duka biyun ana iya tare su da wuri.

Kogo in yana ƙarami ciko kawai yake buƙata. In ya kai ga jijiya har yana hana barci, akwai aikin da likita ke buɗe haƙorin ya cire jijiyar da ta mutu, ya wanke cikin saiwar ya toshe, daga baya a ɗora wa haƙorin hula. Aikin ya fi cirewa tsada da yawan zirga-zirga, amma saiwar tana nan, ƙashin ma yana nan. Ciwon dasashi, wanda alamarsa ta farko ita ce jini lokacin goge baki, shi ma yana cin ƙashin tun haƙori yana tsaye, kuma wankin haƙori a asibiti yana rage shi.

Haka nan haƙorin da ya fita gaba ɗaya sanadiyyar haɗarin mota, faɗuwa ko wasan ƙwallo ana iya mayar da shi. A riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. In ya yi datti a ɗauraye shi kaɗan, a mayar gurbinsa in zai yiwu, in ba haka ba a saka shi cikin madara a garzaya asibiti, zai fi kyau cikin awa guda. Wannan ya shafi haƙoran girma ne kawai. Haƙoran nono na yara ba a mayar da su, domin kada a raunata na girma da ke tahowa a ƙasa.

Yadda aka cire haƙori yana da tasiri

In cirewa ta zama dole, hannun da ya yi aikin yana da muhimmanci. Ƙwararren likita yakan ɗauki hoton haƙorin tukuna don ya ga siffar saiwa da yanayin ƙashi. Bayan allurar kashe zafi, yakan yi amfani da siraran kayan aiki ya yanke zaruruwan da ke kewaye da saiwa, ya sassauta haƙorin sannu a hankali. Turmi mai saiwa biyu ko uku yakan raba shi gida-gida ya fitar da kowace saiwa ita kaɗai. Manufar duk wannan ita ce bangon gurbin ya tsira bai karye ba. Daga nan sai ya kankare duk wani ruɓaɓɓen nama da ke ƙasan ramin.

Akasin haka ake samu a hannun masu cire haƙori a kasuwa ko a gida da awartaki, da kuma masu shagunan da ba su da lasisi. Fizgar haƙori da ƙarfi tana ɓalle bangon ƙashi tare da shi, ko ta bar guntun saiwa a ciki ya zama tushen ruɓa da kumburi. Kayan aikin da ba a tsabtace su yadda ya kamata ba suna iya yaɗa ciwon hanta nau'in B da C da kuma cuta mai karya garkuwar jiki. Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya ita ke yi wa likitocin haƙori rajista, kuma majinyaci yana da 'yancin ya tambayi matsayin wanda zai sa masa hannu a baki.

Gudan jini: abin da ke hannun majinyaci

Gudan jinin da ya cika gurbin shi ne harsashin da sabon nama da sabon ƙashi za su ginu a kai. Kiyaye shi ba ya cin ko kwabo, kuma aikin majinyaci ne shi kaɗai.

Likitoci sukan umarci mutum ya cije audugar da aka sa masa na tsawon minti 30 zuwa 45. A awa 24 na farko kada ya kurkure baki da ƙarfi, kada ya riƙa tofar da yawu akai-akai, kada ya zuƙi abin sha da bututu, kada kuma ya riƙa kai harshe ko yatsa wurin. Mai alwala sai ya sa ruwa a bakinsa a hankali ya bar shi ya zubo da kansa. Shayi mai zafi da kunu mai tururi a bari su huce. A kwanakin farko abinci mai taushi ya dace, irin su koko, fura, dafaffen ƙwai da tuwo mai laushi, a kuma tauna ta ɗaya gefen. Kilishi, tsire, aya, rake, goro da bandar kifi mai ƙaya a jinkirta su.

Daga rana ta biyu sai a fara kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi da aka sa wa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda, sau uku ko huɗu a yini, musamman bayan cin abinci. A ci gaba da goge sauran haƙora da buroshi ko asuwaki, a dai kauce wa ramin. Taba sigari, shisha da taba gari suna cikin manyan abubuwan da ke ɓata warkewa, don haka a nisance su aƙalla kwana uku, in da hali a bar su gaba ɗaya. Kada a danna ƙwayar asfirin, kanwa, turare ko wani haɗin gargajiya a cikin ramin, domin suna ƙona nama.

In gudan jinin ya fita ko ya narke da wuri, ƙashin yakan zauna a buɗe. Alamarsa ita ce zafi mai tsanani da ke tasowa kwana biyu zuwa huɗu bayan cirewa, yana harbawa zuwa kunne, tare da warin baki. Hakan yakan sami mutum kaɗan cikin ɗari a cirewa ta yau da kullum, amma ya fi yawa ƙwarai a turmin ƙarshe na ƙasa, wanda ake kira haƙorin hankali, da kuma wajen masu shan taba. Maganinsa komawa asibiti a wanke ramin a sa magani a ciki. Haka kuma jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ko wahalar buɗe baki da haɗiya, duk ba abin zama a gida ba ne.

Cike gurbi da garin ƙashi

Akwai wani aiki na musamman da ake yi a zama ɗaya da cirewa domin rage zaizayar. Bayan likita ya fitar da haƙori ya tsabtace ramin, sai ya cika shi da wani abu mai kama da tsakin gero, ya rufe bakin da wani siririn tantani, sannan ya yi ɗinki. Garin yana aiki ne kamar katakon da magina ke kafawa kafin su zuba kankare. Yana riƙe faɗin wurin, jijiyoyin jini da ƙwayoyin ginin ƙashi su ratsa tsakaninsa, a hankali ƙashin mutum ya maye gurbinsa ko ya haɗe da shi. Tantanin kuma yana hana naman dasashi, wanda ya fi ƙashi saurin girma, cike ramin kafin ƙashi ya iso.

Garin iri huɗu ne dangane da asalinsa. Akwai wanda ake ɗebowa daga jikin majinyacin kansa, kamar daga haɓa ko bayan muƙamuƙi. Akwai na ɗan Adam da aka bayar kyauta aka sarrafa shi a ma'ajiyar ƙashi. Akwai na dabba, galibi saniya, wani lokaci doki ko alade, wanda ake tace shi har sai ma'adinin kawai ya rage. Sai kuma na haɗin masana'anta da ake yi da sinadaran kalsiyam da fosfet. Tantanin da aka fi amfani da shi ana yin sa ne da sinadarin kolajin na dabba, kuma da yawa daga cikin fitattun samfuransa daga alade ake samo su. Majinyacin da wannan ya dame shi saboda addini yana da haƙƙin ya tambayi asalin kayan tun kafin aiki, domin akwai na saniya da na haɗin masana'anta da za su iya maye gurbinsu.

Akwai kuma wata hanya da likitan Faransa Joseph Choukroun ya fito da ita a farkon shekarun 2000. Ana ɗibar ɗan jinin majinyaci daga hannu, a juya shi cikin na'ura mai gudu, a sami wani dunƙule mai launin rawaya a cusa a ramin. Tana taimaka wa nama ya warke da wuri kuma tana rage zafi, ba ta kuma buƙatar kayan da ake shigowa da su daga waje masu tsada, sai dai ƙarfinta wajen riƙe faɗin ƙashi bai kai na garin ƙashi tabbas ba.

Wannan ciko yana rage asara ne, ba ya hana ta baki ɗaya. Nazarin da Gustavo Avila-Ortiz da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2014, wanda ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa gurbin da aka cike yana tsira da kimanin milimita 2 na faɗi fiye da wanda aka bari haka nan. Sau da yawa waɗannan milimita biyu su ne ke raba wanda za a yi wa dashen haƙori kai tsaye da wanda sai an yi masa babbar tiyatar ƙara ƙashi tukuna. Bayan cikon akan jira watanni uku zuwa shida kafin mataki na gaba.

Ba kowa ne ke buƙatarsa ba. Ya fi amfani ga wanda ke da niyyar yin dashe nan gaba, ga haƙoran gaba inda lomawar dasashi za ta bayyana in an yi murmushi, ga turamen sama da ke kusa da kogon iska, da kuma inda bangon gurbin ya yi siriri ko ya lalace. Haƙorin hankali, haƙoran nono da haƙoran da ake cirewa don a daidaita jerin sauran galibi ba sa buƙata. In kuma akwai ruɓa mai tsanani da mugunya, likita yakan magance ta tukuna.

Abin da za a sa a giɓin

Hanyoyin maye gurbin haƙori uku ne, kuma tasirinsu ga ƙashi ba ɗaya ba ne. Haƙorin roba da ake cirewa a mayar shi ya fi araha, yana gyara tauna da magana da kamannin fuska, amma a kan dasashi yake zaune, ba ya hana ƙashin ƙarƙashi raguwa. Shi ya sa yakan yi sako-sako bayan 'yan shekaru har sai an gyara shi ko an sake wani. Ana shawartar a riƙa cire shi da dare. Gada kuwa, wato haƙorin da ake maƙala wa maƙwabta biyu, tana hana su karkata, amma ƙashin da ke ƙarƙashin giɓin ba ya samun nauyin tauna.

Dashe shi ne ya fi kusa da saiwa ta asali. Wata 'yar kusa ce ta ƙarfen titaniyam da ake dasawa cikin ƙashi, ƙashin ya manne mata, sannan a ɗora haƙori a kai. Likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ne ya lura da yadda ƙashi ke kama titaniyam a shekarun 1950, ya kuma yi wa mutum na farko dashe a birnin Gothenburg a 1965. Dashe yana mayar wa ƙashi nauyin tauna, amma yana buƙatar isasshen ƙashi mai faɗi da tsayi da zai zauna a ciki. Wanda ya bar giɓi shekara biyar ko goma sannan ya zo neman dashe yakan tarar wurin ya ƙanƙance. Ba a yi wa yara dashe sai girman muƙamuƙi ya kammala, wajen shekara 18 ko fiye.

Waɗanda ya kamata su yi taka-tsantsan

Wajibi ne majinyaci ya faɗa wa likita duk wata cuta da yake da ita da duk maganin da yake sha. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba yana jinkirta warkewa. Masu shan maganin tsinka jini da masu hawan jini suna buƙatar shiri na musamman, kuma kada su daina shan magani da kansu. Masu cutar sikila sun fi saurin kamuwa da ruɓar ƙashi. Waɗanda aka gasa wa kai ko wuya da na'urar maganin daji, da waɗanda ke karɓar wasu magungunan ƙarfafa ƙashi da ake ba masu daji ko masu zaizayar ƙashi, suna cikin haɗarin mutuwar ƙashin muƙamuƙi bayan cire haƙori. Irin waɗannan babban asibiti ya kamata su je.

Halin da ake ciki a Maiduguri

Shekaru da dama makarantun horar da likitocin haƙori na Najeriya duk a Kudu suke, a Legas, Ibadan, Ile-Ife da Benin. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ita ce ta fara buɗe tsangayar koyar da likitancin haƙori a Arewa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda aka buɗe a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, yana da sashen haƙori da na tiyatar baki da muƙamuƙi, kuma yana karɓar majinyata daga jihohin Arewa maso Gabas har da maƙwabtan ƙasashe, Chadi, Nijar da Kamaru.

Duk da haka likitocin haƙori a faɗin ƙasar ba su da yawa, kuma galibinsu a manyan birane suke. Rikicin da ya addabi Borno tun 2009 ya lalata cibiyoyin lafiya da dama a ƙananan hukumomi, ya kuma tara ɗimbin jama'a a babban birnin jihar. Mutumin da ya taso daga Monguno, Bama ko Gwoza da kumburarren kunci, ya biya kuɗin mota, ba shi da masauki, ba abin mamaki ba ne in ya zaɓi aikin da za a gama a zama ɗaya. Garin ƙashi, tantani da kusoshin dashe kuwa daga ƙasashen waje ake shigo da su, farashinsu yana bin canjin dala, kuma yawanci daga aljihu ake biya.

Wannan ne ya sa matakan da ba sa cin kuɗi da yawa suka fi muhimmanci ga mafi yawan jama'a: goge baki sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fulorayid, rage sukari a shayi da lemon kwalba, zuwa asibiti tun kogo yana ƙarami, neman ƙwararre in cirewa ta zama dole, da kuma kiyaye gudan jini bayan an cire. Asuwaki, har da na darbejiya da ta cika titunan Maiduguri, yana tsabtace haƙora in an iya amfani da shi, amma ba ya ɗauke da isasshen fulorayid, don haka haɗa su biyun ya fi.

Tambayoyin da za a yi wa likita

Kafin a yi allurar kashe zafi, yana da kyau majinyaci ya nemi amsar waɗannan tambayoyi: Shin haƙorin nan zai iya ceto ta hanyar ciko ko wanke saiwa, kuma nawa ne bambancin kuɗin? In an cire, me za a sa a giɓin, kuma yaushe? Yaya hoton ya nuna kaurin ƙashin wurin? Ana buƙatar cike gurbin a yau, ko za a iya barinsa ya warke da kansa? In za a cike, da wane irin abu, kuma daga ina aka samo shi? Wace rana za a dawo a duba?

Wanda bai da kuɗin dashe a yanzu amma yana fatan yi nan gaba ya faɗa wa likita tun a ranar, domin cike gurbi a lokacin cirewa ya fi sauƙi da araha a kan sake gina ƙashin da ya riga ya zaizaye. Wanda kuma aka daɗe da cire masa haƙori ba a yi komai ba, ya je a ɗauki hoton wurin a ga abin da ya rage, a tsara abin da ya dace da shi kafin sauran haƙoran su fara karkata.